Yadda ake auna iskar injin zuƙar ƙura a ɗakin aikin katako, da yadda ake kwatanta inji biyu

Tambayar ta fito daga wani mai aikin katako a gidansa. Ya sayi injin zuƙar ƙura mai ƙarfin doki 2 wanda aka rubuta wa CFM 1,200 a jikinsa, wato yawan iskar da aka ce yana ja a minti, ya haɗa shi da injin zarto ta hanyar bututu da tiyo mai faɗin inci 4, amma har yanzu ƙura na kwanciya a kan kayan aikinsa. Da ya sayi na'urar auna iska mai ƙaramar farfela ya kara ta a bakin tiyon, sai ta nuna gudun ƙafa 5,500 a minti, abin da ya ba shi kimanin CFM 480. Abokinsa kuwa, mai injin saiklon (wanda ke juya iska a cikin mazurari domin ƙurar ta zube kafin ta kai matata) da bututun inci 6, ya ce shi yana samun 800. Yana son ya san wace lamba ce gaskiya, kuma ta yaya za su kwatanta injinan nasu ba tare da an zalunci ɗaya ba.

Malam, lambobin nan uku da ka kawo ba za su kwatantu ba, domin kowacce an same ta a wuri daban, da kayan awo daban, kuma inji yana fama da nauyi daban a lokacin da aka ɗauke ta. Adadin iskar da fanka ke ja ba abu ne tsayayye ba kamar nauyin injin ko tsawonsa. Yana hawa yana sauka gwargwadon turjiyar da iskar ke gamuwa da ita a hanya, saboda haka duk wanda ya faɗa maka CFM bai faɗa maka matsin da aka auna shi a kai ba, rabin magana ya yi maka.

Bari mu fara da ma'aunan, tunda yawancin waɗannan injina da ma'aunin Amurka ake rubuta su. CFM na nufin yawan iskar da ta wuce cikin minti ɗaya, ana ƙirga ta da kubik na ƙafa, kuma CFM ɗaya daidai yake da kimanin kubik mita 1.7 a awa. Matsi kuma ana auna shi da tsawon ruwan da iskar za ta iya ɗagawa a cikin siririn tiyo, shi ya sa ake cewa inci kaza na ruwa, kuma inci ɗaya na ruwa kimanin faskal 249 ne a ma'aunin matsi na tsarin mita. Dangantakar da ke tsakanin yawan iska da gudunta mai sauƙi ce: a ninka gudun iskar da girman bakin bututun. Bakin bututun inci 4 murabba'in ƙafa 0.087 ne, na inci 5 kuwa 0.136, na inci 6 kuma 0.196. Daga nan za ka ga cewa ƙarin inci biyu kawai a faɗi ya ninka hanyar iskar fiye da sau biyu.

Da wannan lissafin kaɗai za ka iya yanke hukunci a kan lambar da ke jikin injinka tun kafin ka taɓa wata na'ura. Idan CFM 1,200 za su bi ta cikin bututun inci 4, dole iskar ta yi gudun kusan ƙafa 13,750 a minti. Kafin iska ta kai wannan gudun kawai, ba a ma zo maganar gogayya da bangon bututu ba, tana bukatar matsin kusan inci 12 na ruwa, alhali irin waɗannan ƙananan injina iyakar matsin da suke kaiwa ke nan ko ƙasa da haka, kuma suna kai shi ne lokacin da aka toshe bakinsu gaba ɗaya babu iskar da ke wucewa. Akwai kuma lissafin ƙarfin doki: idan aka ninka CFM da matsi aka raba da 6,356, za a sami ƙarfin da ke cikin iskar kanta. A nan zai haura doki biyu, kuma tunda irin farfelar waɗannan injina da wuya ta mayar da fiye da kashi 60 cikin ɗari na ƙarfin da aka ba ta zuwa iska, ana bukatar injin lantarki mai kusan doki huɗu. Ba lallai ne masu ƙera injin sun yi ƙarya ba. Abin da aka saba shi ne a auna fankar ita kaɗai, babu matata, babu bututu, bakinta a buɗe, a rubuta wannan lambar, sannan a toshe bakin a auna iyakar matsi a rubuta a gefenta. Lambobin biyu gaskiya ne kowacce a wurinta, sai dai ba za su taɓa haɗuwa a lokaci ɗaya ba, kuma babu mai aiki a ko ɗaya daga cikin wuraren biyu. Akwai ƙa'idojin gwajin fanka da aka amince da su, wato AMCA 210 a Amurka da ISO 5801 a sauran duniya, amma ƙananan injinan gida ba kasafai ake nuna cikakken sakamakon irin wannan gwajin a kansu ba.

Lambarka ta 480 ita ma tana da nata ciwon. Na'ura mai farfela an yi ta ne domin iska mai tafiya a miƙe a wuri mai faɗi, kamar bakin na'urar sanyaya ɗaki. Bakin tiyo mai zuƙa ba haka yake ba. Iska tana shigowa daga kowane ɓangare, har daga bayan leɓen tiyon, ta lanƙwaso ta matse kanta a ɗan cikin bakin kafin ta sake bajewa ta cika bututun, saboda haka gudun da ke tsakiya daban, na gefe daban, kuma matsar da na'urar da rabin inci na iya sauya karatun sosai. Bayan haka, jikin na'urar yana tare wani kaso mai yawa na bakin inci 4, iskar da ta rage ta ƙara gudu domin ta wuce ta ƙanƙanuwar hanya, kai kuma ka ninka wannan ƙarin gudun da girman bakin gaba ɗaya. Sakamakon yawanci yakan haura gaskiya. Da yawa daga cikin masu araha iyakarsu mita 30 a daƙiƙa ne, wato kusan ƙafa 5,900 a minti, ka ga karatunka yana dab da ƙarshen abin da na'urar ke iya gani. Abu na ƙarshe shi ne ka cire tiyon daga injin zarto kafin ka auna, alhali ƙofar injin da akwatinsa su ma turjiya ce da iskar ke biya kullum. Ba na cewa ka jefar da na'urar. Tana da amfani wajen gwada kafin da bayan gyara, muddin ka yi mata mariƙi na katako da zai ajiye ta a wuri ɗaya tak kowane lokaci, ka kuma ɗauki abin da ta nuna a matsayin alamar ƙaruwa ko raguwa kawai.

Kayan awon da ya dace da wannan aikin shi ne bututun Pitot tare da manomita, wato na'urar auna matsi. Henri Pitot, injiniyan Faransa, shi ne ya ƙirƙiro shi a 1732 yana auna gudun ruwan kogin Seine, Henry Darcy ya gyara shi a tsakiyar ƙarni na 19, kuma har yau da irinsa jiragen sama ke sanin gudunsu. Siririn bututu ne mai lanƙwasa, bututu biyu ɗaya cikin ɗaya. Ramin da ke bakinsa yana fuskantar iskar, yana jin jimillar matsi. Ƙananan ramukan da ke gefensa suna jin matsin da iskar ke yi wa bangon bututu ko tana gudu ko ba ta gudu, wanda zan kira matsin bango. Idan aka haɗa ƙofofin biyu da ɓangarori biyu na manomita, bambancin da ya fito shi ne matsin gudu, kuma daga gare shi ake fitar da gudun iskar: a nemi tushen murabba'in matsin a inci na ruwa, wato lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da shi, a ninka da 4,005, a sami ƙafa a minti. Wanda ya fi son ma'aunin mita sai ya nemi tushen matsin a faskal ya ninka da 1.29, ya sami mita a daƙiƙa. Manomita na iya zama ta lantarki, ko agogon Magnehelic na kamfanin Dwyer wanda masu wannan aiki suka daɗe da sabawa da shi, ko ma tiyo mai haske da aka lanƙwasa kamar harafin U aka zuba masa ruwa mai ɗan launi aka manna ruler a gefe. Na ruwan ba ya bukatar saiti kuma ba ya lalacewa, amma matsin gudu ƙarami ne, sau da yawa ƙasa da inci ɗaya, don haka yana da kyau a kishingiɗar da tiyon a kan allo domin ruwan ya yi tafiya mai tsawo a kan ƙaramin matsi, sai a gyara lissafin da gwargwadon kishingiɗar.

Wurin da za a huda ramin awo ya fi tsadar na'urar muhimmanci. Iskar da ta fito daga gwiwa, wato lanƙwasar bututu, ko mahaɗa ko ƙofar bututu tana murɗawa, tana taruwa a gefe ɗaya, kuma ba ta daidaita sai ta yi tafiya. Ƙa'idar hukumar kare muhalli ta Amurka ta gwajin iska a bututu tana neman wurin awo ya kasance nisan faɗin bututu takwas bayan duk abin da ya dagula iskar, da faɗi biyu kafin na gaba. A bututun inci 6 wannan na nufin miƙaƙƙen bututu mai santsi na ƙafa huɗu a baya da ƙafa ɗaya a gaba. Ba a awo a cikin tiyo mai zobba. Idan tsarinka duk tiyo ne, ka sa guntun miƙaƙƙen bututu a tsakiya domin awon, ka bar shi a nan, ka riƙa rufe ramin da tef bayan ka gama.

Ko a miƙaƙƙen bututu, iskar tsakiya ta fi ta gefe gudu, don haka karatu ɗaya a tsakiya zai ruɗe ka. Hanyar da aka saba ita ce a ratsa faɗin bututun ana tsayawa a wurare shida: kashi 3.2, da 13.5, da 32.1, da 67.9, da 86.5, da 96.8 cikin ɗari na faɗin, ana ƙirgawa daga bango. A bututun milimita 150 wannan ya zo kusan milimita 5, 20, 48, 102, 130 da 145, kuma mafi sauƙi shi ne ka yi wa jikin bututun Pitot alama da tef a waɗannan wuraren tun kafin ka kunna inji. Sai ka huda rami na biyu a kwata na zagayen bututun ka maimaita. Kowane karatu ka mayar da shi gudu tukuna, sannan ka nemi matsakaicin gudun, kada ka fara da neman matsakaicin matsin, domin dangantakarsu ba ta miƙe ba ce. Bakin na'urar kuma ya fuskanci iskar sosai. Idan aikin ya yi maka yawa kuma wurin awon mai kyau ne, karatun tsakiya da aka ninka gudunsa da 0.9 yakan kusanci gaskiya, amma ni ban yarda da wannan gajeriyar hanya ba sai bayan an yi cikakken ratsawa sau ɗaya an tabbatar da cewa iskar wurin a daidaice take.

Ga misali da lambobi. A ce a tsakiyar bututun inci 6 manomita ta nuna inci 0.64. Tushensa 0.8 ne, a ninka da 4,005 a sami ƙafa 3,204 a minti, a ninka da 0.9 a sami 2,884, a ninka da 0.196 a sami kimanin CFM 565. Wannan misalin yana koyar da abu na biyu da ba a nema ba. Yawan iskar ya fi abin da bututun inci 4 ke bayarwa, amma gudun ya gaza, domin ɓarɓashin katako na bukatar kimanin ƙafa 4,000 a minti a rassan bututu da wuraren da yake hawa sama, da kimanin 3,500 a babban bututun da ke kwance, idan ba haka ba sai ya riƙa zubewa a hanya yana taruwa. Tulin garin katako a cikin bututu yana rage hanya, kuma abinci ne ga wuta. Saboda haka kafin ka yi sha'awar bututun abokinka, ka tabbata fankarka za ta iya cika shi: inci 6 na bukatar kusan CFM 785 kafin ya kai gudun 4,000, alhali inci 4 na kai shi da 350.

Lambar 4,005 an gina ta a kan iska mai nauyin kilo 1.2 a kubik mita, wato iskar bakin teku a yanayi mai sanyi-sanyi. Idan zafi ya kai digiri 40 iskar na yin sauƙi, gudun gaskiya ya haura lissafin da kimanin kashi 3 cikin ɗari. A gari mai tudu kamar Jos, mai tsayin kusan mita 1,200, bambancin na kaiwa kimanin kashi 8, a Denver ta Amurka kuma ya fi haka. Idan ku biyun a gari ɗaya kuke kuma a yini ɗaya kuka yi awon, wannan ba zai shafi kwatancinku ba.

Wani abin da ya fi wannan tasiri, wanda masu sayen injin da aka shigo da shi daga Amurka ba su cika lura da shi ba, shi ne bugun wutar lantarki. Wutar Amurka tana bugu 60 a daƙiƙa, ta Turai da Najeriya da Nijar da Ghana kuwa 50. Injin lantarkin da ke juyi kimanin 3,450 a minti a can zai yi kimanin 2,850 a nan. Dokokin fanka sun ce yawan iska yana bin yawan juyi kai tsaye, matsi yana bin juyin da aka ninka da kansa, ƙarfin da ake ci kuma yana bin wannan sakamakon idan aka sake ninka shi da juyin. Ma'ana, farfela ɗaya a wuta mai bugu 50 za ta rasa kashi ɗaya bisa shida na iskarta da kusan kashi 30 cikin ɗari na matsinta. Janareton da ke nishi a ƙarƙashin nauyi yana ƙara rage juyin. Don haka ku dubi farantin da ke jikin injinan biyu, kuma ku yi gwajin a kan wuta iri ɗaya.

Yanzu ga ainihin kwatancin, kuma a nan sai ku fara yanke shawarar abin da kuke son sani, domin tambayoyi biyu ne. Ta farko: wace fanka ce ta fi ƙarfi? Ta biyu: wane ɗakin aiki ne ya fi samun iska a bakin injin yankan katako? Amsar ta farko na bukatar a raba kowane inji da bututun ɗakinsa, a haɗa shi da miƙaƙƙen bututun gwaji guda ɗaya mai faɗin bakinsa, matata da saiklon suna nan yadda ake aiki da su. Sai a yanka faya-fayan filawud biyar ko shida masu rami a tsakiya, daga babba zuwa ƙarami, a riƙa rufe bakin bututun da su ɗaya bayan ɗaya. A kowanne a rubuta abu biyu: matsin bango kusa da bakin injin, da CFM daga bututun Pitot. Idan aka zana waɗannan a takarda, CFM a kwance, matsi a tsaye, za a sami layi mai gangarowa wanda shi ne halin fankar na gaskiya. Sai a ɗora layin abokinka a kan naka, ku dubi abin da kowanne ke bayarwa a matsi ɗaya, kamar inci 5 ko 6 ko 7, inda yawancin ɗakunan aiki na gida suke. Ba abin mamaki ba ne layukan biyu su gitta juna, wannan ya fi a buɗe, wancan ya fi idan hanya ta yi tsauri. Misali mafi bayyana shi ne injin shara na shago, wanda ke ɗaga ruwa inci 60 ko fiye amma iskarsa ba ta cika wuce CFM 150 ba: shi ne daidai ga ƙaramin injin samfefa mai ƙofar inci ɗaya ko biyu, kuma ba shi da abin yi a gaban injin fere katako. Gargaɗi ɗaya a nan: irin wannan fankar ta fi cin wuta lokacin da iska ta fi wucewa, kuma toshe ta yana rage mata nauyi ne. Kada ka bar ta tana gudu baki buɗe babu bututu babu matata na dogon lokaci, domin injin lantarkin na iya ɗaukar zafi. Wannan halin ya sa mitar auna wutar lantarki mai kama waya ta zama shaida ta biyu mai araha, tunda duk gyaran da ya ƙara iska zai ƙara amfiya, wato yawan wutar da injin ke ja.

Tambaya ta biyu ita ce ta shafi ƙurar da ke damunka, kuma ana amsa ta ne a tsarin yadda yake: tiyo a haɗe da injin zarto, ƙofar wannan reshen kaɗai a buɗe, matata a halin da take bayan an yi aiki da ita, ba sabuwa fil ba kuma ba wadda aka kakkaɓe yanzu ba. Ka auna CFM a reshen, sannan ka bi bututun da manomita kana auna matsin bango a wurare da dama, daga bakin injin zarto har zuwa fanka. Duk inda lambar ta yi tsalle tsakanin rami biyu, a nan ake cinye maka ƙarfi. Kafin ka auna ma za ka iya hasashe. A gudun 4,000, bututun inci 4 mai santsi yana cin kimanin inci 0.07 na ruwa a kowace ƙafa, na inci 6 kuma kimanin 0.045. Gwiwa ɗaya a inci 4 daidai take da kimanin ƙafa shida na miƙaƙƙen bututu, tiyo mai zobba kuwa ana lissafa shi kamar sau uku na mai santsi. Ƙafa 20 na bututu, gwiwa biyu da ƙafa 10 na tiyo sun cinye fiye da inci 4. Ka ƙara inci ɗaya na tayar da iskar daga tsaye zuwa gudu, kusan wani incin na asarar shiga baki, da kimanin inci ɗaya na matata, ka ga an kai 7, duk domin CFM 350 kacal. Tunda turjiya tana bin gudun da aka ninka da kansa, wanda ke son ninka iskar a wannan bututun sai ya nemo matsi sau huɗu, inci 28, abin da babu fankar gida da ke yi. Shi ya sa sayen inji mafi girma a bar bututun inci 4 da doguwar tiyo yakan zama asarar kuɗi. Idan hasashena daidai ne, awonka na gaskiya zai faɗi tsakanin 300 da 400.

Asarar shiga baki ta cancanci a ɗan tsaya a kanta, domin gyaranta ya fi komai araha. Bakin bututu da aka yanke kawai yana asarar kashi 93 cikin ɗari na matsin gudu, wanda aka yi wa faffaɗan leɓe yana asarar kashi 49, wanda aka buɗe bakinsa a hankali kamar na kakaki kuwa kashi 4 kawai. Bakin kakaki yana da wata fa'idar ga mai awo: tunda kusan babu asara, matsin bangon da ke ɗan bayan maƙogwaronsa kusan daidai yake da matsin gudu, saboda haka da ƙaramin rami ɗaya a bango da manomitar ruwa za ka iya lissafa CFM ba tare da bututun Pitot ba, ka rage kashi 2 cikin ɗari.

Ko da lambar ta yi kyau, ƙura na iya tserewa, domin zuƙa ba ta da dogon hannu. Kana iya hure fitilar kyandir daga nesa, amma ba za ka iya kashe ta da zuƙar numfashi ba sai ka kusan ƙona leɓe. Lissafin da DallaValle ya fitar tun shekarun 1930, wanda injiniyoyin iskar masana'antu ke amfani da shi har yanzu, ya nuna cewa a nisan faɗin bututu ɗaya daga baki, gudun iskar ya faɗi ƙasa da kashi goma cikin ɗari na abin da yake a bakin. Haƙoran zarton inci 10 kuwa suna tafiya da gudun da ya kai kusan ƙafa 10,000 a minti, suna watsa ƙura sama da gaba. Ƙofar da ke can ƙasan akwatin injin ba za ta kamo abin da aka wurga sama ba, ko nawa ne CFM ɗinta. Ana bukatar murfi a kan zarton mai nasa reshen, kuma a nan ne bukatar iska mai yawa ke shigowa. Bill Pentz, wani mai aikin katako a Kalifoniya wanda ciwon huhu ya sa ya duƙufa kan wannan batu har ya tsara saiklon da mutane da yawa suka kwaikwaya, ya daɗe yana jayayya cewa CFM 350 na kwashe ɓarɓashin da ido ke gani ne kawai, kuma kama ƙura mai laushi a manyan injina na bukatar 800 zuwa 1,000 da bututun inci 6. Akwai masu ganin ya tsananta. A ganina alkiblarsa daidai ce, ko da ba kowane inji ne ke bukatar lambar ƙarshe ba, kuma murfi mai kyau yana rage bukatar fiye da yadda ƙarin doki ke yi.

Dalilin wannan wahalar duka shi ne ƙurar da ba a gani. A shekarun 1960 likitoci a Ingila suka lura da yawan wata cutar dajin hanci a tsakanin masu ƙera kujeru na garin High Wycombe, kuma a 1995 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar daji ga ɗan Adam. Biritaniya ta ƙayyade miligiram 3 a kubik mita na iskar wurin aiki ga ƙurar katako mai tauri da 5 ga mai taushi, Tarayyar Turai ta sauke ta mai taurin zuwa 2 a 2023, cibiyar NIOSH ta Amurka mai binciken lafiyar ma'aikata kuma tana ba da shawarar 1. Katakon obeche da iroko na Afirka ta Yamma suna cikin waɗanda aka sani da tayar da asma. Jakar matata mai ramin maikiron 30 (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita) da ke zuwa da injina masu araha tana riƙe ɓarɓashi ta busa mai laushin cikin ɗaki, kuma abin haushi shi ne irin wannan jakar takan ba da CFM mafi yawa a gwaji, tunda ba ta tare komai. Idan ɗayanku na da jaka ɗayan kuma na da matata mai naɗe-naɗe wadda ke kama maikiron ɗaya ko ƙasa, ku rubuta wannan a gefen lambobinku. Saiklon shi ma yana cin inci biyu ko uku na matsi, amma yana biyan kuɗinsa ta hanyar hana matata toshewa, don haka injin abokinka na iya zama a baya a ranar farko ya wuce gaba bayan mako guda na aiki.

Saboda wannan, ka kafa manomitar ruwa ta dindindin tsakanin fanka da matata, ka yi alama a inda ruwan ya tsaya lokacin da matatar ke da tsabta, ka riƙa kakkaɓe ta idan ya haura da inci ɗaya ko makamancin haka. Ka bi mahaɗun bututu da ƙofofin da ke rufe da hayaƙin turaren tsinke, duk inda hayaƙin ya karkata ya shige akwai yoyo, kuma iskar da ta shiga ta nan an ɗebe ta ne daga rabon injin zarto, ko da bututun Pitot da ke kusa da fanka zai ƙirga ta. Wannan ma dalili ne na yin awo a reshe, kusa da inda ake yanka. Sannan ka kashe fitilun ɗakin, ka haska tocila mai ƙarfi ta bayan zarton yayin da kake yanka, ka tsaya inda hasken ba zai shiga idonka kai tsaye ba, za ka ga hanyar da ƙurar ke bi ta tsere. Wanda ke da hali ya ƙara da na'urar ƙirga ƙwayoyin ƙura irin Dylos, wadda wani nau'inta ke ƙirga daga rabin maikiron, ya ɗauki karatu kafin yanka, da lokacin yanka, da minti talatin bayan an gama, da katako iri ɗaya da tsawon yanka iri ɗaya a ɗakunan biyu.

A takardar da za ku kwatanta, kowace lamba ta zo da faɗin bututun da aka auna a ciki, da wurin ramin, da na'urar da aka yi amfani da ita, da matsin bango a wannan lokacin, da halin matata, da ƙofofin da ke buɗe, da amfiyar da injin ya ci. Ku yi amfani da bututun Pitot ɗaya da manomita ɗaya a ɗakunan biyu, ku maimaita kowane awo sau uku, kuma idan bambancin da ke tsakaninku bai kai kashi 10 cikin ɗari ba ku ɗauka kunnen doki ne, domin awon gida bai fi haka kaifi ba. Kai kuma kafin ranar gwajin ka gajarta tiyon nan zuwa ƙafa uku ko huɗu, ka maye gurbin kowace gwiwa mai kaifi da biyu masu digiri 45, ka auna kafin gyaran da bayansa.